Tsibirin Ambon, Inda Makaho Ya Rubuta Labarin Wuri

  

A wannan mako tafiya za mu yi, mai nisa kuwa, amma ba ta bukatar guzuri. A gama wanke-wanke dai a sami wuri a zauna. Af, na ambaci wuri. To, ai wuri ne ma dalilin tafiyar, amma ba wurin zama ba, ɗan farin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi.

Ba wadda ba ta taɓa ganinsa ba a cikinmu, ko a kitson 'yan matan Fulani, ko a jikin ƙwaryar ado, ko a kayan makaɗa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Sa'ad da Bature Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 a ke bayarwa a bakin dalar azurfa guda. Amma in aka tambaye mu wa ya ƙera wuri, wa ya goge shi ya ke sheƙi haka, sai mu yi shiru. Gaskiyar masu iya magana: ido wa ka raina? Wanda na ke gani kullum. To, akwai wani mutum da bai raina shi ba, shi da sauran danginsa na cikin teku, har ya ƙarar da ransa wajen binciken su. Garin da ya zauna za mu yau.

Sunan wurin Ambon. Tsibiri ne, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye, a cikin tsibiran Maluku na ƙasar Indunusiya. In kin tashi daga Kano kin fuskanci gabas, sai ki wuce Makka, ki wuce Indiya, ki sauka Jakarta babban birninsu, kāna ki sake shiga jirgin sama na wajen awa uku da rabi. Saboda nisan, sa'ad da rana ta ke tsaka a nan, su can ƙarfe takwas na dare ta yi, sun yi lisha.

Tsibirin ba shi da girma, tsawonsa wajen mil 32 ne. Kashi biyu ne, kamar an ajiye babban ludayi da ƙarami gefe da gefe, wata 'yar siririyar ƙasa ta haɗa su a kai ɗaya, teku kuwa ta shigo tsakaninsu. Babban kashin na arewa sunansa Hitu, yawancin mutanensa Musulmi ne. Ƙaramin na kudu kuwa Kirista sun fi yawa, a nan kuma birnin Ambon ya ke. Duk inda kika ɗaga ido duwatsu ne kore shar, da itatuwan kwakwa har bakin ruwa. Ruwan sama ya fi ƙarfi daga watan Mayu zuwa Agusta, kamar daminarmu, sai dai abin da ya ke zuba can a shekara ya yi ninki uku na Kano. Ba su noman gero ko dawa. Wani irin giginya gare su mai suna sagu, su kan sare shi su tsage, su wanke ɓargonsa su fitar da gari, su dama shi da tafasasshen ruwa ya yi yauƙi kamar koko mai kauri, su sha da romon kifi. Papeda su ke ce da wannan tuwo nasu.

Uwargida, kin daɗe da sanin ƙanshin ƙasar nan ba ki sani ba. Kanumfarin da ki ke jefawa a yaji da kunu da fura, asalinsa daga tsibiran Maluku ne. Shi ya jawo musu baƙi, ya kuma jawo musu wahala. Turawan Fotugal suka fara zuwa a 1512. A 1605 mutanen Holanda suka ƙwace ganuwarsu ta Ambon, kamfaninsu na ciniki ya zama shi ne sarki. Kamfanin ya hana kowa sayar da kanumfari sai gare shi, ya riƙa aika jirage suna sare itatuwan mutane a sauran tsibirai don kada kaya su yi yawa farashi ya faɗi. An zubar da jini da yawa a kan wannan ɗan tsinke da mu ke saya da kuɗi kaɗan.

A cikin ma'aikatan kamfanin nan ne mutuminmu ya zo. Sunansa Georg Rumphius, mu dai mu kira shi Rumfiyus. Bajamushe ne, an haife shi a 1627. Ya shiga jirgin ruwa a ƙarshen 1652, ya yi fiye da wata shida a kan teku kafin ya sauka Jakarta, wadda a lokacin a ke kira Batabiya. A 1654 ya iso Ambon yana soja, daga baya ya koma sashen ciniki, aka tura shi wani gari mai suna Hila a gaɓar Hitu. Bai sake ganin ƙasarsu ba har ya mutu.

Wadda ta je Hila yanzu za ta tarar da tsohuwar ganuwar Holanda a bakin teku. Kusa da ita, a ƙauyen Kaitetu, ga masallacin Wapauwe, wanda mutanen wurin su ke cewa tun 1414 aka kafa shi. Da katako da zarben sagu aka gina shi, ba ƙusa ko ɗaya. A wannan gaɓa Rumfiyus ya yi shekarun da idonsa ya ke gani.

Ku da ba ku taɓa ganin teku ba, ga abin mamakinta. Kullum ruwanta ya kan janye ya bar fili, bayan 'yan sa'o'i ya komo. In ya janye, sai mata da yara su fito da kwanduna suna tsintar dodon koɗin teku da kumba na miya, kamar yadda mu ke fita ɗiban zogale ko tafasa. Su a bakinsu duk irin waɗannan halittu masu ɓawo bia ne. Suna kuma ƙona ɓawon ya zama farar ƙasa, su haɗa da wani ganye da ƙwaya su tauna, kamar yadda mu ke cin goro.

A zamanin nan attajiran Turai sun haukace a kan ɓawon teku. Kowane mai hali yana da kabad mai aljihuna cike da su, in ya yi baƙi ya buɗe musu, kamar yadda amarya ta ke nuna jerenta. Amma yawancinsu ba wanda ya taɓa ganin abin da ya ke zaune a ciki. Sun san gida, ba su san maigida ba. Rumfiyus kuwa maigidan ya ke nema. Ya kan tambayi masunta da masu tsinta: yaya sunan wannan da harshenku? A ina ya ke zama, a yashi ko a dutse? Ana cinsa? Yana magani? Ya rubuta sunan da Malayanci da harshen Ambon, ya sa na Latin da na Holanda a gefe. Matambayi ba ya ɓata.

Bari mu leƙa kaɗan daga abin da a ke samu a gaɓar nan, mu fara da namu. Wuri ɓawon wani ɗan dodon koɗi ne na ruwan gishiri, mai kiwo a kan gansakuka inda ruwa ba zurfi. Shi ya ke gina ɗakinsa da kansa. Yana da wata fata mai laushi wadda ta ke tsatsafo da sinadari irin na farar ƙasa, yana daskarewa kaɗan-kaɗan. Yana ƙarami ɓawonsa a murɗe ya ke kamar katantanwa. In ya girma sai bakin ya naɗe ciki ya yi kauri, ya fitar da 'yan haƙoran nan da mu ke gani. Fatar kuma ta kan fito ta lulluɓe bayan ɓawon duka, tana ƙara masa shafe, shi ya sa ya ke sheƙi kamar tangaran. Hujin da ya ke bayansa kuwa mutane ne su ke fasawa don su sami zura zare. Ana samun irinsa a Ambon, amma wanda kakanninmu suka ƙirga yawancinsa daga tsibiran Maldif ya fito, kudu da Indiya, daga baya kuma aka riƙa kawo wani mai kama da shi daga Zanzibar. A Maldif ganyen kwakwa su kan jefa a ruwa, dodannin su manne, a jawo a shanya a rana har naman ya ruɓe ya bar ɓawo.

Na biyu shi ne notilas, mai faɗin ƙaramin faranti, fari da zāne ja-ja kamar na damisa. In aka raba ɓawonsa biyu sai a ga ɗakuna a jere wajen talatin, kowane ya fi na bayansa girma, suna walƙiya kamar lu'ulu'u. Dabbar tana zaune a ɗaki na ƙarshe. In ta ƙara girma sai ta matsa gaba, ta gina bango a bayanta. Ɗakunan da ta bari iska ce a ciki da ɗan ruwa, su su ke sa ta yi yawo a tsakiyar teku ba ta nutse ba. Turawa sun daɗe suna yi wa ɓawon nan gindi na azurfa suna ado da shi, amma Rumfiyus ya ba da bayanin dabbar da kanta har da surarta. Sai a 1832 wani masani na Ingila, Richard Owen, ya sami guda ya feɗe ya yi cikakken bayani a kanta.

Na uku kyakkyawa ne, amma mugu. Ɓawonsa kamar ƙaramin mazubi, da zāne kamar saƙar zane mai tsada. Yana da ɗan tsinke mai dafi a baki wanda ya ke harbin abincinsa da shi. Rumfiyus ya ba da labarin wata baiwa a tsibirin Banda wadda ta tsinci guda sa'ad da a ke jan taru. Ta riƙe shi a hannu kurum, sai ta ji ɗan ƙaiƙayi, ya haura hannu, ya gama jiki, nan take ta cika. Har gobe likitoci suna ambaton wannan labari, domin yana cikin na farko da aka rubuta a kan dafin dabbar.

Na huɗu ita ce uwar kumba. Faɗinta ya kan kai ƙafa huɗu, nauyinta ya fi kilo 200, watau buhu biyu na masara. Abin da ya ɗaure wa Rumfiyus kai shi ne, ana tarar da tsofaffin ɓawonta can bisa duwatsun Ambon, nesa da ruwa. Ya ɗauka ruwan Ɗufana ne ya bar su, har ya sa musu suna ɓawon Annabi Nuhu. Masanan yanzu sun ce ƙasar ce ta taso daga ƙarƙashin teku sannu a hankali, ta ɗago su. Kada ku ce wannan sai can. A Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka ta jihar Gombe, inda a ke fasa dutse ana siminti, ana samun ɓawon halittun teku da suka zama dutse, har da dangin notilas. Ashe inda mu ke shan ƙurar hunturu teku ta taɓa kwanciya.

Yanzu ku ji abin da ya sami mutumin nan. A 1670, yana da shekara 42, idanunsa suka rufe cikin 'yan watanni. Mai aikin dubawa ya zama makaho. Ya koma birnin Ambon, matarsa Suzana, 'yar ƙasar, da 'ya'yansa suka zama idonsa. Ya riƙa gane ɓawo da ganye da yatsa da hanci da harshe, yana faɗa ana rubutawa. Da Latin ya fara littattafansa, masu taimakonsa kuwa ba su iya ba, saboda haka ya sake su daga farko da harshen Holanda.

Ran 17 ga Fabrairu 1674, da magariba, ƙasa ta girgiza. Bango ya faɗo wa Suzana da 'yarsu, duka biyu suka rasu. Teku kuma ta taso ta share ƙauyukan gaɓar Hitu. Shi da kansa ya sa aka rubuta labarin wannan masifa, ya ce mutum 2,322 suka halaka. Akwai wani farin fure da Suzana ta fara nuna masa. A cikin littafinsa na tsire-tsire ya sa masa suna Furen Suzana, har yau kuwa sunanta yana cikin sunan da masana su ke kiran furen da shi.

A 1682 ya sayar wa wani basarake na Italiya da mafi kyaun abin da ya tara. Ran 11 ga Janairu 1687 gobara ta ci birnin Ambon, ta haɗa da littattafansa da surorin da ya zana tun yana gani. Ɗansa Paul da waɗansu masu zane suka sake su, uban yana kwatantawa. Aka gama kashin farko na littafin tsire-tsire, aka sa a jirgi zuwa Holanda, a 1692 jiragen yaƙin Faransa suka nutsar da jirgin. Abin da ya cece shi abu ɗaya ne. Gwamnan Batabiya, Camphuys, mai son ilmi ne, ya sa an kwafe littafin kafin jirgi ya tashi. Daga wannan kwafi aka sake wani aka aika. Da ya isa kuma sai kamfani ya kulle shi, don kada abokan gasa su san sirrin kanumfari. Sai 1741 aka fara buga shi.

Rumfiyus ya rasu ran 15 ga Yuni 1702. Littafinsa na ƙaguwa da ɓawon teku da duwatsu ya fito a Amstadam a 1705, da shafi 60 na surori. Bai taɓa riƙe shi a hannu ba. An ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa. Shi dai ya dafa, waɗansu suka sha. Babban masanin nan na Suwidin, Linnaeus, wanda ya tsara sunayen halittu, ya dogara da littafin ƙwarai, shi ne kuma a 1758 ya raɗa wa wurinmu suna moneta, watau kuɗi.

Kada 'yan makaranta su ce wannan aikin maza ne. A shekarun nan dai, can Ingila, wani likita Martin Lister ya fitar da babban littafin ɓawo tsakanin 1685 da 1692. Surorinsa fiye da 1,000 'ya'yansa mata biyu ne suka zana, Susanna da Anna, sun kuwa fara tun suna 'yan mata.

Na san wata za ta ce, to, mu ina ruwanmu da katantanwa, abin wasan yara? Saurara. Kin san tsargiya, fitsarin jinin nan da ya ke damun yaranmu masu wanka a kududdufi, har waɗansu su ke ɗauka alamar balaga ce? Ciwo ne, tsutsa ke kawo shi. A 1915 wani likita, Robert Leiper, ya tabbatar a Masar cewa tsutsar ba ta iya kama mutum sai ta bi ta jikin wani ɗan dodon koɗi na ruwan daɗi. Mai ciwo ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, su shiga dodon koɗin su hayayyafa, bayan 'yan makonni su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Da ba a sami waɗanda suka riga suka tattara dodannin koɗi suka bambance iri da iri ba, da likitan bai san wanda zai kama ba. Riƙe katantanwa, tsininta sama, bakinta yana dubanki. Yawancinsu bakin yana hannun dama. Ɗan ƙaramin nan mai ɗaukar tsargiyar fitsari kuwa, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, bakinsa a hagu ya ke. Saboda haka, uwargida, hana yara fitsari da wanka a kududdufi. In dole ne a yi wanka da ruwan tafki, a ɗebo a ajiye shi kwana biyu tukuna. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani.

Ke kuma 'yar makaranta, ga aikin hutu. Nemi littafin rubutu guda. In an je rafi da rani bayan ruwa ya ƙafe, tsinci busassun katantanwa da makankari, ki wanke, ki jera a kwali. Rubuta inda kika samu da ranar. Kāna ki je gun kakarki ki tambaye ta sunan kowane, da abin da a ke yi da shi a dā. Ki tambaye ta yadda a ke ƙirga wuri, nawa ne hauya, nawa ne zambar, nawa ne keso. Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya-ɗaya, kowace ta tafi kuwa da abin da ta sani ta ke tafiya. Da masuntan Ambon sun ƙi amsa, ko da ba a rubuta amsarsu ba, da yau ba mu da labarin nan. In kin gama, ki ba ƙawarki ta kwafa ta ajiye a gidansu. Kin dai ji abin da wuta da ruwa suka yi wa mai littafi, kin kuma ji abin da ya cece shi.

Wadda ta tara ta rubuto mana, za mu buga sunayen da kakarta ta faɗa a wannan fili.